Shekara Bakwai Muna Amincewa Baki Ɗaya

Shekara bakwai na yi ina rubuta ƙarya a littafin taron ƙungiyarmu, da rubutuna mai kyau kuwa, don ni tsohuwar malamar firamare ce, layina ba ya karkacewa. Ƙaryar ba ta da tsawo. A ƙarshen kowace magana sai in sa: an amince baki ɗaya. In ja layi da rula, in rufe littafi. Ban san ƙarya nake rubutawa ba sai daga baya, amma rashin sanin bai rage mini nauyinta ba har yau.

Ƙungiyar tamu ba wata babba ba ce. Abin da muke riƙe da shi gida ne mai ɗaki biyu a unguwar Rikoto cikin Zuru, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa asibiti. Matan ƙauyukan kan tudu da na can wajen Bena, in watan haihuwarsu ya kama, sukan zo su zauna a ciki su jira naƙuda. Hanyoyinmu in damina ta yi nisa ko ɗan kabu-kabu sai da addu'a yake bin su, ga shi kuma a 'yan shekarun nan ba mai son fita da zarar rana ta yi sanyi. Ba a biyan ko kwabo. Mace ta zo da garinta da 'yar tukunyarta da wadda za ta kula da ita, shi ke nan. Mai riƙe da gidan wata tsohuwar ungozoma ce, matar wani kofur da ya rasu tun 'ya'yansu na ƙanana. Kowa Mama yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Mu bakwai ne a kwamitin amintattu, kuma babban aikinmu shi ne nemo abin da za a riƙe gidan da shi. Shugabanmu Manjo ne mai ritaya, shi ne kuma ya girme mu duka. Ma'aji wani Saje ne, shi ma tsohon soja, mai ƙorafi kamar ana biyansa. Akwai Alhaji mai sayar da hatsi a kasuwa, mutumin wajen Jega, wanda ya fi shekara talatin a Zuru amma bakinsa bai bar garinsu ba. Sai Fasto, sai wani matashin malamin asibiti, sai Mama, sai ni sakatariya.

Asabar ɗin farko ta kowane wata muke zama, a barandar gidan Manjo, ƙarfe goma cif. In na ce cif, cif nake nufi. Zai cire agogonsa ya ajiye a kan tebur, fuskarsa na kallon sama. Fasto ya buɗe da addu'a Alhaji ya rufe, wata mai zuwa su yi musaya. Ni kuma in karanta bayanin taron baya. Daga nan Manjo zai miƙe tsaye, hannu a baya, ya faɗi halin da ake ciki, ya faɗi abin da yake ganin za a yi, ya faɗi dalili, tiryan-tiryan ba gargada. Mutum ne mai kai, ba na ƙwace masa wannan. In ya gama sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Akwai mai magana?" Kowa ya sa ido a kan takalminsa. Ya ɗan jira, ya ce, "Madalla. Sakatariya, rubuta." Kafin sha ɗaya mun watse. Har alfahari nake yi a coci, ina cewa taronmu ba ya wuce awa guda, ba irin na ƙungiyar mata ba da ake wuni ana abu ɗaya.

Shawarar Manjo kan neman taimako kullum ɗaya ce: a ƙaddamar da gidauniya. Sau uku muka yi a shekarun nan bakwai. A buga kati mai ruwan zinariya, a sa sunayen manya, wannan uban taro, wancan babban baƙo, wancan babban mai ƙaddamarwa. A ɗauko rumfa da kujerun roba da lasifika, mu mata mu kwana biyu muna aikin shinkafa. Ranar taro manyan su aiko wakilai, wakilan su karɓi lasifika su yi alkawarin da zai sa a yi ta tafi har da guɗa, su ci kaji, su shiga mota. Bayan nan ba ka ƙara jin ɗuriyarsu. Abin da ke shigowa hannu da ƙyar yake rufe hayar rumfa. Ba kuma wanda ke bin sawun alkawuran, don ba wanda ya ji a ransa cewa shawarar tasa ce.

Ainihin taron a bakin ƙofa ake yinsa, bayan an tashi. Saje na dukan kik ɗin babur ɗinsa yana cewa wannan gidauniya asarar shinkafa ce kawai. Fasto na gyaɗa kai. Malamin asibiti na cewa shi ma haka ya gani. Ni kuwa in bi su da harara, a raina ina cewa ji matsorata, maza har da gemu, a gaban mutum kun kasa buɗe baki sai a bayansa. Ban taɓa tambayar kaina ni me ya rufe nawa bakin ba, ni da ko hedimasta ban taɓa raga wa ba.

Ɗakin baya ne ya fara yoyo. Kwanon tsoho ne, ƙusoshin sun ci tsatsa. Shekarar farko Mama ta jera robobi da kwanuka. Shekara ta biyu katakon ya ruɓe, silin ya rufto wata safiya, Allah ya sa ba kowa a ciki. Ta kulle ɗakin, gida ya koma ɗaki ɗaya, tabarma biyar in an matsa. Ta kawo wa kwamiti rahoto cikin jimla biyu. Manjo ya ce abin ya dame shi ƙwarai, kuma na san da gaske yake, ya ce da zarar ruwa ya ɗauke za a yi gidauniya ta huɗu, wadda za ta fi na baya. Ya tambaya ko akwai mai magana. Na rubuta abin da na saba rubutawa.

Ruwa na ɗaukewa na je Rikoto in kai wa Mama sabulu da wasu zannuwa da matan cocinmu suka tara. Na same ta tana tsince wake a ƙofar ɗakin da ke kulle. Muka gaisa, na zauna, na sa hannu a waken. Ba tambayarta na yi ba, ita ta fara, a hankali, idonta na kan faifai. Ta ce a tsakiyar damina wata yarinya ta zo daga wani ƙauye bayan Bena, cikin fari, mijinta ya kawo ta a babur. Ranar mata shida ne a ɗaki ɗaya, ɗaya ma a baranda take kwana. Mama ta duba ta, ta ga kamar da sauran mako biyu, ta ce su koma gida su dawo bayan kwana goma, lokacin an sami wuri. Suka koma. Kwana huɗu naƙuda ta tashi, rafi ya cika, babur ya kasa ƙetarewa. Ta haihu a bakin rafin. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Na ajiye waken. Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da birki. Na ce mata haba Mama, wannan abu ya faru, mun yi taro har biyu bayansa, kina zaune kina jin ana maganar kati da rumfa, ba ki ce uffan ba? Ta ce ai maganar ba ta yarinyar kaɗai ba ce, ita tun farko ba ta ga amfanin kiran manya ba. Ta ce babu ƙauyen da ke kewaye da mu da ba a haifi ɗansa ta dalilin gidan nan ba, kuma ta san gidajen ɗaya bayan ɗaya. In da za a bi su lokacin girbi a ce kowane gida ya ba da damin dawa ɗaya, ba wanda zai ji ciwonsa, kuma da an daɗe da yin rufi. Manomi ba ya da kuɗi a aljihu, in ji ta, amma a watan girbi kunyar hana dami yake ji. Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ɗago ta dube ni kamar na tambaye ta me ya sa ruwa ke gangarowa daga dutse.

"Malama, Baba Manjo fa ya riga ya yi magana," ta ce. "In babba ya yi magana, ai ta ƙare. Ni wace ce da zan ɗora tawa a kan tasa?"

Nan kunya ta kama ni. Don na san wannan al'ada, na san ta a jikina. A Dabai aka yi mini aure. A gidan mijina in za a yi shawara, ko ta aure ce ko ta gona, ƙarami ne ke farawa, a bi sama-sama, tsoho na zaune yana jin kowa, sai a ƙarshe ya buɗe baki, kuma abin da ya faɗa shi ne rufin magana. Ina amarya na taɓa cewa wani abu bayan surukina ya gama, matan gidan suka yi mako suna yi mini dariya, suna cewa 'yar bariki ba ta san kan zama ba. Ɗaya al'adar ma na san ta, don a bariki na tashi, babana soja ne. Can ofisa ne ke fara magana, ya shimfiɗa komai, sannan ya tambaya ko akwai mai gyara, kuma tambayar da gaske ce. Manjo ya bar ƙauye tun yana saurayi, ya fi shekara talatin cikin kaki. Shi yana buɗe mana ƙofa ne a ganinsa, mu kuwa muna jin ƙarar rufe ta. Ni kaɗai ce a kwamitin na zauna a gidajen biyu sosai, kuma ni ce ban haɗa su ba.

Ban yarda da kaina ba sai da na zagaya. Na sami Saje a layin masu karɓar fansho, ya ce shi ai kulle biyu ne a bakinsa: mutumin nan ya girme shi, kuma ya fi shi igiya, ta ina zai fara? Na sami Alhaji a rumfarsa, ya yi dariya ya ce shi baƙo ne, ya ga 'yan gari sun yi shiru, shi wa ya aike shi. Na ce Alhaji, shekara talatin kana baƙo? Ya ce a gaban Manjo kowa ma baƙo ne.

Manjo kuwa a bayan gidansa na same shi yana ɗaure tumatir da tsumma. Na yi niyyar in bi a hankali, Allah ya sani na yi niyya, amma ban kai jimla uku ba na ce masa Baba, shekara bakwai kai kaɗai kake taro, mu 'yan rakiya ne. Ya miƙe, ya cire tabarau. Ya ce shi ya taɓa hana wani magana? Wane zama ne bai tambaya ba? Ya ce shi a zatonsa shirun nan yarda ce, har yakan gaya wa matarsa cewa Allah ya ba shi mutane masu haɗin kai. Wannan ta taɓa ni, don na ga ba girman kai ba ne, mutumin da gaske bai sani ba. Na sassauta murya na tuna masa yadda ake zama a gidan mahaifinsa. Na roƙe shi abu ɗaya: zama mai zuwa ya bar ni in kira mutane daga ƙarami zuwa babba, shi ya zo a ƙarshe, kuma magana ɗaya za a yi, ta rufi. Labarin yarinyar ban ba shi ba, don ba nawa ba ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya mai da tabarau ya ce in gaida gida.

Mako uku ban ji daga gare shi ba. Na ce wa mijina ƙila an kusa sallamata, ya ce da ya huta da neman rula. Duk da haka na bi 'yan kwamiti gida-gida na gaya musu maganar da za a yi, na ce kowa ya zo da tasa a baki, kada wanda ya ce mini bai shirya ba.

Ranar Asabar Manjo ya fito da fayil, na hango samfurin katin gidauniya a ciki, gabana ya faɗi. Ya ajiye agogo. Aka yi addu'a, na karanta bayanin baya. Ya dafa tebur ya fara miƙewa yadda ya saba, har gwiwoyinsa sun miƙe rabi, sai ya tsaya a haka kamar wanda bayansa ya riƙe. Ya koma ya zauna. Ya ce, "Sakatariya, kira su."

Kada wani ya ɗauka abin ya tafi sumul. Malamin asibiti, da yake shi ne ƙarami, ya yi ta in-ina yana satar kallon Manjo, da ƙyar ya ce shi dai yana ganin a nemi wata hanya. Ni na faɗi tawa, ta fi ƙarfin wurin, na sani. Fasto ya fara da Nuhu da jirginsa, sai da na ƙwanƙwasa biro a tebur. Saje kuwa da aka buɗe masa baki sai ga ƙorafin shekara bakwai, har da kujerun roba huɗu da suka ɓata a gidauniya ta biyu. Na ce Saje, rufi muke magana. Ya ce ai yana zuwa. Alhaji ya ce shi zai jira ya ji Mama tukuna, a ba shi izini. Duk wannan Manjo na zaune ya dunƙule hannu a kan baki. Da sha ɗaya ta wuce ya ɗauki agogon ya sa a aljihu.

Sai Mama. Ta gyara ɗaurin kallabinta, ta fara da yarenmu, sannan ta tuna da Alhaji ta koma Hausa. Ba ta ƙara gishiri ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗi ranar da yarinyar ta zo, da mata nawa ne a ɗaki, da abin da ta ce musu, da rafin. Ta ce ita ce ta ce su koma, da bakinta, kuma tun ranar ba ta ƙara cin abinci ya yi mata daɗi ba. Ta ce in damina mai zuwa ta same mu da ɗaki ɗaya, a nemi wata ta riƙe makullin, don ita ba za ta ƙara mai da mace gida ba. Daga nan ta kawo maganar dami, ta fara jero ƙauyuka da gidaje da ka, wannan 'yan biyu, wancan ta baya ya fito, wancan yanzu yana aji uku.

Alhaji ne ya fara motsi. Ya ce wanga magana ta yi, shi zai ba da sito kyauta, a ajiye dawar har farashi ya ɗaga sannan a sayar, shi ya san lokacin. Saje ya ce a'a, ƙwari za su ci rabi, a sayar da wuri. Suka ɗan ja, Alhaji ya ce shi da hatsi tun Saje na fareti. Karon farko ke nan da na ga mutum biyu sun saɓa a barandar nan, har na rasa yadda ake rubuta shi.

Layi ya zo kan Manjo. Ya juya wajen Mama.

"Tun yaushe kike da wannan shawara ta dami?"

"Tun shekarar da aka buɗe gidan, Baba."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Ya jawo fayil ɗin, ya dubi katin, ya kife shi. Ya ce ya ji kowa. Za a bi shawarar Mama. Amma ba za mu roƙi manomi abin da mu ba mu fara bayarwa ba, don haka kowane ɗan kwamiti zai kawo nasa kafin a taka ƙauye ko ɗaya, shi nasa dami goma ne. Maganar sayarwa kuma a ɗaga hannu. Biyar suka bi Alhaji, Saje da Fasto suka ƙi. Na rubuta haka, biyar da biyu. Kafin a tashi aka raba ƙauyuka, kowa da nasa da ranar da zai je, na sa sunan kowa a gefen abin da ya ɗauka da bakinsa. Ƙarfe ɗaya ta wuce muka watse, kuma ranar ba a tsaya a bakin ƙofa ba, kowa ya riga ya juye abin da ke cikinsa.

Girbin shekarar muka yi shi a hanya, cikin tsohuwar a-kori-kurar Manjo da sai an tura take tashi. Ba ko'ina aka karɓe mu ba. Wani ƙauye suka ce ai gidan na gwamnati ne, me ya sa za su ciyar da gwamnati, sai da Mama ta kira matan da sunan 'ya'yansu. Wani wuri dawa ba ta yi ba, suka ba da gyaɗa. Wata tsohuwa ta kawo kaza, ta ce jikarta ce ta kwana a gidan, kazar ta yi ta kashi a kan takalmin Fasto har Zuru. Amma yawanci da zarar an ga Mama ta sauko daga mota, ba sai an yi dogon bayani ba. Mazan su shiga rumbu, matan su kewaye ta suna miƙo mata yara ta gani. Na ga Manjo tsaye a gefe yana kallon wannan, hularsa a hannu, ba wanda ya san ko shi wane ne.

Ƙauyen yarinyar muka je a ƙarshe. Mama ta ce ba dami za ta nema a can ba, kuma ita kaɗai za ta shiga. Muka jira a gindin wata ɗorawa, ni da Manjo, kusan awa guda. Da ta fito ta ce uwar mijin ta ba ta ruwa, ta amsa gaisuwa, iyakarta ke nan. Yarinyar ba ta fito daga ɗaki ba. Mama ta ce ta faɗi abin da ta je faɗa ta bakin ƙofa, ta ce musu za a gyara ɗakin, ko an ji ko ba a ji ba, oho. Muka tura mota muka dawo.

Zaman da suka biyo baya ba su ƙara komawa awa ɗaya ba, amma ba su kai uku ba. Na koyi aika wa kowa maganar da za a yi tun kafin ranar. Abin da muke farawa da shi shi ne kowa ya faɗi inda ya kai da abin da ya ɗauka, kuma mutum in shi ya ce zai yi a gaban jama'a, kunya kan sa ya yi. Malamin asibiti ya daina in-ina, har ya kawo shawarar a koma kowane ƙauye a yi godiya a gaya musu abin da aka yi da dawarsu, aka kuwa yi. Manjo ya koyi cin goro a taro, shi da ba ya ci, don ya sami abin da zai sa a baki. Wani lokaci nakan ga maganar ta taso masa har wuya, sai ya ɓantari goron ya haɗiye su tare.

Alhaji ya sayar da dawar da bazara, farashin ya yi kyau, ƙwari kuma sun ɗan taɓa buhu biyu, don haka shi da Saje kowa ya ce shi ne ya yi gaskiya, har yau ba su gama ba. Abin da aka samu ya isa sabon katako da kwano na ɗakin baya gaba ɗaya, na gaba kuwa faci kawai aka yi masa. Kafinta na buga ƙusoshin ƙarshe hadari na haɗuwa a gabas. Mama ta share ɗakin da kanta, ta hana kowa taɓa tsintsiyar, ta shimfiɗa tabarmi.

Zaman da ya fi zauna mini a rai shi ne na tsakiyar daminar nan. Ana ruwa tun safe, muka ja kujeru cikin baranda, littafina a kan cinya don kada ya jiƙe. Aka bi layi kamar yadda muka saba yanzu. Malamin asibiti ya yi maganar gidan sauro, Saje ya yi ƙorafin kuɗin mai, Alhaji ya ce a fara tunanin girbi mai zuwa tun yanzu saboda ɗakin gaba. Mama ta ce mata tara ne a gidan, kowa na da wurin kwanciya. Na ce saura Baba.

Ya cire goron daga baki. Ya tambayi Mama ko ruwa na shiga ɗakin baya. Ta ce ko ɗigo. Ya juya agogonsa a hannu, sannan ya yi tambayar da na san wata takwas tana cinsa.

"Yarinyar nan fa ta bayan Bena, kin ƙara jin labarinta?"

"Tana ɗakin baya, Baba," in ji Mama. "Shekaranjiya uwar mijin ta kawo ta da kanta. Na ce musu da sauran wata guda. Suka ce sun sani. Na ce to, ga tabarma."

Muka jira ya rufe magana, don shi ne babba. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya juya yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo, ya daɗe a haka, har Alhaji ya gane ya ɗaga hannu ya fara addu'ar tashi. Ni kuwa na duba littafina, wurin da nake sa jawabin shugaba, na rubuta abin da ya faru: Shugaba bai ce komai ba. Na nemi rula ban gani ba, idona ya cika, na ja layin da hannu, ya karkace, na bar shi haka.